Ubaidullah Gimba da Jakar Anko

A unguwar Longsight, in ka tambayi Hausawa wane ne Ubaidullah Gimba, ba wanda zai ce maka ɗalibin digiri na uku ne mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko da yake abin da ya kawo shi Manchester ke nan shekara huɗu da suka wuce. Za a ce maka shi ne dogon nan mai furfura a gemu da ke bin yaran jami'a suna tsalle-tsalle ranar Laraba. Sannan a ƙara da cewa shi ne mutumin da ba ya ƙin saƙo.

Maganar saƙo gadonta ya yi. Mahaifinsa direban motar haya ne, shekara talatin yana zirga-zirga tsakanin Zariya da Funtuwa, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya buɗe ambulan ko ƙullin wani ba. Ubaidullah ya tashi a kujerar gaba yana riƙe wa mutane kaji da wasiƙu. Da ya zo Ingila sai halin ya biyo shi. Ya taɓa ɗauko taɓarya daga Kano har Manchester, aka tsare shi awa biyu a filin jirgi yana bayanin cewa ba makami ba ce. Ya kai kilishi Leeds, ya kai daddawa Liverpool a cikin jirgin ƙasa, mutanen da ke kusa da shi suka tashi suka bar masa tarago. Bai taɓa tambayar abin da ke cikin ƙulli ba, bai kuma taɓa leƙawa ba.

Ƙwallon raga kuwa a makarantar kwana ya koya, inda ragar igiyar shanya ce da aka ɗaura tsakanin darbejiya biyu. Shekararsa ta farko a Manchester, kafin matarsa Ramlat da 'yarsu Khaulat su iso, kaɗaici ya kusa zautar da shi. Ruwa ba ya ɗaukewa, ƙarfe huɗu duhu ya yi, ba mai yi maka sallama. Wata rana ya ga sanarwar gwajin 'yan wasa, ya je da wandon barci da takalmin gudu na aro. Ƙungiyar jami'a ta dube shi, ɗan shekara talatin da biyar, ta ce ta gode. Shi kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tattara duk waɗanda aka ce musu an gode, ya yi wata biyu yana sintiri ofishin wasanni, har matar da ke wurin ta gaji ta yi musu rajista a matsayin ƙungiya ta biyu.

A nan ne ya gano cewa jami'o'in ƙasar an kasa su shiyya-shiyya. Su Manchester da Liverpool da Leeds da Sheffield suna shiyyar Arewa, su Birmingham da Nottingham suna ta Tsakiya, kowa yana kokawa da maƙwabtansa. Kowace shiyya kuma tana da rukuni hawa-hawa kamar bene, kuma ƙungiyar Ubaidullah tana can ƙasa inda ake ajiye tsintsiya. Wannan bai dame shi ba. Ya buga jadawalin ya manna a jikin firij, ya ja layi a ƙarƙashin sunan shiyyar.

“Kin gani ko, Maman Khaulat? Ko a nan ma Arewa aka sa mu.”

“Na gani, Abban Khaulat,” in ji Ramlat. “Na kuma ga daga ƙasa ake fara neman sunanku.”

A bana abin ya zo da gardama. Sau biyu ƙungiyar ta kasa fita wasa, ɗaya saboda mura ta kwantar da mutum uku, ɗaya saboda jiragen ƙasa sun yi yajin aiki. Turawa na kiran wannan walkover, wato an ba abokan karawarka nasara a bagas. Matar ofishin wasanni ta kira Ubaidullah ta gaya masa cikin murmushi cewa in aka yi na uku, za a soke ƙungiyar gaba ɗaya, a ba masu wasan jifan farantin roba zauren ranar Laraba. Shekararsa ta ƙarshe ke nan. Ya fito daga ofishin yana ji kamar an ce za a rushe gidan da ya gina da hannunsa.

Sai kuma ga wani abin mamaki. A gasar kofi ta sili ɗaya ƙwale, ƙungiyoyi biyu da ya kamata su kara da su ba su zo ba, don haka ba tare da sun taɓa ƙwallo ba suka tsinci kansu a zagaye na uku, inda ake haɗa Arewa da Tsakiya. Aka ce su je Birmingham ranar Laraba, wasa ƙarfe huɗu. Tun da aka kafa ƙungiyar ba ta taɓa fita daga shiyyarta ba.

Kuskuren Ubaidullah na farko shi ne ya faɗi wannan a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Na biyu, ya ambaci cewa ofis ya ba su mota mai kujera tara.

Kafin la'asar ɗin Talata, falon flat ɗinsu ya zama tasha. Ga galan ɗin manja, ga robar yaji, ga tukunyar dafa shinkafa, ga keken yara mai ƙafa uku. Na ƙarshen zuwa shi ne Habu tela na Stockport Road, yana jan jakar Ghana-must-go mai jan zane.

“Na Hajiya Raki ne, ta Balsall Heath. Ankon abokan ango, kaftani goma. Asabar za a ɗaura auren ɗanta Abdurrahim, ka san dai. Don Allah kada a ɗora musu komai, na sa musu sitaci.”

Hajiya Raki ƙanwar mahaifin Ubaidullah ce, shekara talatin tana Birmingham, kuma ko a waya in ta kira shi miƙewa tsaye yake yi. Ya karɓi jakar da hannu biyu. Sai ya lura cewa irinta ce sak da wadda yake zuba rigunan ƙungiya tun da zif ɗin jakar jami'a ya lalace. Shi ba mutumin sakaci ba ne. Ya yi abin da kowane Bahaushe ke yi in zai yi tafiya, ya nemo ƙyalle ya ɗaura a hannun jakar ƙungiya. Shuɗi ne, Ramlat ta tsinto shi a shagon Habu don goge takalmi. Bai duba ɗaya gefen jakar anko ba, inda Habu, shi ma Bahaushe, ya ɗaura nasa daga yadi ɗaya.

Su bakwai suka tashi ƙarfe sha ɗaya da rabi. Ubaidullah ke tuƙi. A gefensa Ethan, ɗan Stockport mai jan gashi, wanda ke ɗaga musu ƙwallo. A baya Zayd, haifaffen unguwar Hulme, ubansa Bakano, Hausarsa ta fi ƙarfi a gaisuwa da sunayen abinci da zagi. Sauran huɗun, 'yan'uwa biyu ne daga Cyprus, da ɗan Malesiya, da wani shiru-shiru daga Hong Kong da ya rungume keken yara a cinya har Birmingham bai ce uffan ba.

“Uncle, mene ne wannan smell ɗin?” in ji Zayd.

“Daddawa ce. Ka yi shiru, kakarka da ita ta girma.”

Ƙarfe biyu da minti goma suka tsaya a ƙofar gidan Hajiya Raki. Ubaidullah ya juya ya ce musu minti biyar, ya sauke saƙo ya gaishe ta su wuce. Ya sani sarai ƙarya yake yi, amma yana fata.

Ya durƙusa a falo. Aka tambayi hanya, aka tambayi Ramlat da Khaulat, aka tambayi karatu da sanyi da ciwon ƙafar mahaifiyarsa a Zariya, aka koma kan hanya. Yana shirin cewa zai koma sai Hajiya ta ɗaga labule.

“Ubaidu, waɗancan su wane ne?”

“Yaran wasa ne, Gwaggo. Sauri muke yi.”

“Ka ɗauko 'ya'yan mutane tun daga Manchester ka jibge min su a ƙofar gida kamar kajin kasuwa? Maƙwabta su ce me? Shigo da su.”

“Gwaggo, ƙarfe huɗu ne wasan.”

“To ƙarfe huɗun ta yi ne?”

Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ga naman rago, tun safe ake shirin baƙin biki. Masu salla suka yi azahar da la'asar. Ethan ya zauna a kafet ya naɗe ƙafa, aka nuna masa yadda ake yanko loma, ya ci malmala ɗaya ya ce a duniya bai taɓa cin abu irin wannan ba. Zayd ya fassara wa Hajiya. Wannan ya jawo masa malmala ta biyu, da ta uku.

“Wannan yaron yana da tarbiyya,” in ji Hajiya. “Ba irin wasu ba, da ake ba su abinci suna duban agogo.”

Ubaidullah ya sauke hannunsa ƙasa. Sai ƙarfe uku da minti ashirin suka samu fita, bayan an yi musu rakiya har bakin titi, an dawo da su don a ƙulla wa Ramlat cincin, an sake rakiya. Ya buɗe bayan mota, ya ga jaka mai shuɗin ƙyalle a hannu, ya ce wannan tamu ce, ya ciro ɗayar ya ajiye wa Hajiya a bayan ƙofa.

Suka isa zauren wasan saura minti goma sha uku. Abokan karawarsu sun daɗe suna motsa jiki, riguna baƙaƙe iri ɗaya, kowanne kamar an auna shi da magwaji. A ɗakin canja kaya Ubaidullah ya ja zif.

Ƙamshin sitaci da turare ya bugi hancinsa. Shadda ce shuɗiya mai haske, an ninke ta kamar takardar banki, aikin zare fari a wuya. Ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara zuwa masa ba wasan ba ne. Shi ne cewa yau, yana da shekara talatin da tara, ya buɗe saƙon wani.

Alƙaliyar wasan dattijuwa ce mai farin gashi da usur a wuya. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ta tausaya, amma doka ita ce mutum shida a fili, riga iri ɗaya, lamba gaba da baya. In ƙarfe huɗu da kwata ta yi ba su fito haka ba, za ta rubuta walkover. Komawa Balsall Heath da dawowa a cunkoson tashi daga makaranta, minti hamsin ne in an yi sa'a.

Ya kira Gwaggo, layi a cike. Ya sake kira, a cike. Daga baya aka ji cewa da Kano take magana a kan kayan gara, hirar da ba ta taɓa ƙarewa ƙasa da awa ɗaya ba. Ya roƙi abokan karawar aron riguna, suka ce masu wanki sun tafi da na ajiya. Sai ya kira gida.

“Maman Khaulat, an samu matsala. Ankon yana wurina, rigunanmu suna wurin Gwaggo.”

Ramlat ta ce, “Abban Khaulat, na san abin da kake tunani. Kada ka kuskura.”

“Ban ce komai ba.”

“Numfashinka na ji. Wallahi in ka taɓa kayan nan, kai kaɗai za ka je bikin, ni ban san ka ba.”

Ya kashe wayar ya zauna a benci. Zayd na karanta dokar a wayarsa, yana bin layi da yatsa.

“Uncle, same colour aka ce, da numbers. Ba a ce tsawo ba. Ba a ce komai a kan tsawo ba.”

Ethan ya tashi. Ya buɗe akwatin taimakon gaggawa ya ciro naɗin filasta fari guda biyu ya ajiye a kan benci, kusa da gwiwar kyaftin, ya ja da baya. Ƙarfe huɗu da minti huɗu.

Ubaidullah ya tuna mahaifinsa da ambulan a aljihun gaba. Ya tuna fuskar Gwaggo. Sai ya dubi yaran nan shida, waɗanda ba wanda ya so su sai shi, ya tuna masu jifan faranti. Ɗan Hong Kong, wanda bai yi magana ba tun Manchester, ya ce a hankali cewa in babu Laraba, shi bai san kowa ba a garin nan.

“Allah ka yafe min,” in ji Ubaidullah. “Kowa ya ɗauki daidai shi. Kada wanda ya taɓa wandunan. Kuma duk wanda ya faɗi ƙasa, ya faɗi da hannu.”

Ƙarfe huɗu da minti goma sha uku suka fito. Kaftani har ƙasan gwiwa, ƙafafu tsirara a ƙasa, takalman gudu, lambobin filasta a karkace. Sitaci na ƙara kamar ana tafiya a kan busasshen ganye. Zauren ya yi tsit. Alƙaliya ta zagaya su sau ɗaya, ta buɗe littafinta, ta rufe, ta ce a shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ganin ƙungiya mai tsabta haka ba. Ta busa usur.

Zagayen farko su suka ci, ashirin da biyar da ashirin da ɗaya, don kuwa 'yan Tsakiya sun kasa tsayawa. Duk lokacin da Ethan ya yi tsalle kaftanin ya buɗe kamar lema, sai mai tsaron ragarsu ya durƙushe yana riƙe ciki. Daga zagaye na biyu dariya ta ƙare, tuwo kuma ya fara aiki. Ethan ya daina tsalle, ya koma miƙa hannu kawai. Hannun riga ya riƙa shafar raga ana ba su laifi. Ubaidullah ya tashi zai doka wata ƙwallo, aka ji ƙyat a hammata, ya sauko yana salati, ƙwallon ta faɗo masa a ka.

Ana tsakiyar zagaye na huɗu ƙofar zaure ta buɗe. Hajiya Raki ce, da mayafi da jakar hannu, direban tasi na biye da ita yana jan Ghana-must-go. Ta tara ƙawayenta ne za ta nuna musu anko, ta ja zif, ta ciro gajeren wando da matashin gwiwa da ba a wanke ba tun wasan Sheffield.

Ubaidullah ya gan ta. Ta tsaya a bakin layi tana bin kaftani ɗaya bayan ɗaya da ido, leɓenta na motsi, tana ƙirgawa. A daidai nan alƙaliya ta busa masa laifin taɓa raga.

“Ke baiwar Allah, ina ya taɓa?” Hajiya ta daka tsawa da Hausa. “Riga ce ta taɓa! Ubaidu, tsaya min daidai, kana wasa kamar wanda bai ci abinci ba! Kai mai jan kai, tashi sama, malmala uku ka ci!”

Zayd ya fassara wa Ethan, Ethan ya yi tsalle. Suka ci maki huɗu a jere. Ba su isa ba, aka cinye su uku da ɗaya. Amma da alƙaliya ta miƙo takardar sakamako, Ubaidullah ya ga lambobi ne a rubuce, zagaye huɗu cif, babu kalmar nan da yake tsoro. Ya sa hannu.

Sannan ya je ya durƙusa a gaban Gwaggo, a tsakiyar fili, gumi na ɗiga daga aikin wuya.

“Gwaggo, na ci amana.”

“Ka ci. Ɗan Gimba direba, ka buɗe saƙo, ka sa, ka yi tsalle a ciki, ka yaga. Kuma duk da haka aka cinye ku.” Ta juya ta dubi allon maki. “Da kun ci ma da sauƙi, in san abin da zan gaya wa mutane.”

Hukuncin da ta yanke shi ne ya koma da kayan Manchester, a wanke, a ɗinke, a sa sitaci, ya dawo da su da kansa kafin hantsin Asabar, kuma ya zo da yaran duka, don wanda ya riga ya sa anko ya zama ɗan biki. Habu tela ya ga hammatar ya zauna a kan kujerar keken ɗinki ya jawo zare da allura. Ramlat ta yi kwana biyu tana kiran mijinta “Malam” kamar baƙo, amma ita ta riƙe dutsen guga.

Komai ya gyaru sai abu ɗaya. Danƙon filasta ya ƙi fita daga shadda. A ido ba a gani, amma a hoto yana fitowa sarai. Duk hotunan ɗaurin auren Abdurrahim, babban abokin ango na tsaye a damansa da lamba huɗu a ƙirji, na hagunsa da bakwai a karkace. Ethan ya zo da kwat, ya gaishe da Hajiya a durƙushe, ya wuce kicin kai tsaye.

Ƙungiya ta biyu na nan a shiyyar Arewa, a rukunin ƙasa, ta biyun ƙarshe. Masu jifan faranti an ba su safiyar Lahadi. Ubaidullah ya miƙa kundinsa a watan Yuni, ya miƙa wa Zayd kyaftin, ya saya musu jaka baƙa mai tambarin jami'a, ya hana a ɗaura mata komai.

Saƙo kuwa ba a daina kawo masa ba. Sai dai makon da ya biyo bayan biki, wata tsohuwa a Longsight ta kawo masa jaka zuwa Leeds, ya ga ƙaramin kwaɗo a jikin zif. Ya dubi kwaɗon, ya dube ta.

“Ba don kai ba ne, Malam Ubaidu,” in ji ta. “Zannuwa ne a ciki. Na ji an ce Laraba kuna da wasa.”